DARASI: WA YA KAMATA YA BA DA IZININ YANKA GONA FULOTI-FULOTI?

A darasinmu na wannan wata za mu yi magana a kan yanka filaye. Maganar ta shafi duk ƙauyen da yake kusa da babban gari ko yake bakin titi. Gari yana girma, yana cin gonaki. Inda aka noma gero bara, bana sai ka ga an kafa turaku, an ja igiya, dillalai suna zagayawa da masu saye. To, wa doka ta ba ikon cewa a yanka ko kada a yanka? Kuma wa ya kamata a ce wannan iko yana hannunsa? A karanta a hankali. In da hali, a karanta a aji tare da malami, a tattauna.

ME YA SA SAI DA IZINI?

Wani zai ce, "Gonata ce, gadonta na yi. Ina ruwan wani da yadda zan yanka ta?" Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Amma mu yi ɗan lissafi tukuna.

Hekta ɗaya fili ne mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100, wato kusan eka biyu da rabi. Fulotin da aka fi sani shi ne mai ƙafa 50 da ƙafa 100. In aka yanka hekta ɗaya kaf, ba a bar komai ba, za a sami fuloti kamar 21. In kuwa aka ware kashi ɗaya cikin huɗu don hanya da magudanar ruwa, saura fuloti 16. Ka ga mai gona ya rasa kuɗin fuloti 5, dillali kuma ya rasa la'adarsu. Shi ya sa in an bar su su kaɗai, da wuya su bar hanya mai faɗi.

Mai gona ya karɓi kuɗinsa ya tafi, dillali ma haka. Waɗanda suka saya su za su zauna a wurin, su da 'ya'yansu da jikokinsu. Lungu ya yi ƙunci, motar kashe gobara ba ta shiga. Mace tana naƙuda, sai an ɗauko ta a hannu zuwa bakin hanya. Ko makara sai an karkata ta kafin ta fita. Ruwan sama da ya saba bi ta kwari ya tarar an yi gini, sai ya shiga ɗakunan mutane. Burtalin da shanu suka daɗe suna bi ya toshe, sai su ratsa ta gonar wani, rigima ta tashi. Yara sun yi yawa, babu filin makaranta. An yi rasuwa, babu maƙabarta kusa.

Mutanen Kano suna da suna ga irin wannan yanka. Suna ce masa awon igiya, don a bambanta shi da awon gwamnati. Wurare da yawa a ƙananan hukumomin Ungogo da Kumbotso, da a da gonaki ne, yau unguwanni ne cike da jama'a, kuma da yawansu ta awon igiya suka tashi. Gyaran irin wannan unguwa bayan an gama gini yana da wuya ƙwarai, domin ba a faɗaɗa lungu sai an rushe ɗakin wani.

Dalilin neman izini ke nan. Dole a sami wanda zai tsaya wa mutanen da ba su riga sun tare ba.

YADDA AKE YI A DA

A ƙasar Hausa, tun kafin zuwan Turawa, baƙon da yake son fili wurin mai unguwa yake zuwa. Mai unguwa ya kai shi ga dagaci, dagaci ya nuna masa inda zai yi gida da inda zai yi noma. Dagaci yana ƙarƙashin hakimi, hakimi yana ƙarƙashin sarki. Gona tana wucewa daga hannu zuwa hannu ta gado, ko aro, ko jingina, ko kyauta, ko saye, dattawa suna shaida.

Da Turawa suka zo, suka yi doka a 1910, suka sabunta ta a 1916, suka ce ƙasar Arewa tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata dokar a 1962 a kan wannan tafarki. Duk da haka, a ƙauye En'e ce ke gudanar da al'amura ta hannun hakimai da dagatai. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, aikin mulki ya bar hannun sarakuna ya koma ga majalisun ƙananan hukumomi.

ABIN DA DOKAR 1978 TA CE

Dokar da ake aiki da ita yau ita ce Dokar Amfani da Ƙasa. Gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ce ta kafa ta ran 29 ga Maris, 1978. An saka ta cikin tsarin mulkin 1979, aka kuma maimaita a na 1999. Saboda haka ba a canza ta sai ta hanyar da ake gyara tsarin mulki. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran harkar ƙasa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, amma dokar tana nan yadda take.

Sashe na 1 ya ce duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna, amana ce yake riƙe wa jama'a. Abin da mutum yake da shi shi ne haƙƙin zama da amfani.

Sashe na 2 ya raba aiki gida biyu. Ƙasar birni gwamna ne yake kula da ita. Ƙasar da ba birni ba, ƙaramar hukuma ce. Kowanne yana da kwamitin da zai ba shi shawara. Na jiha dole ne ya ƙunshi lauya da aƙalla mutum biyu masana harkar filaye.

Sashe na 6 ya ba ƙaramar hukuma ikon ba mutum takardar haƙƙin gargajiya don noma ko gida. Ba za ta ba mutum ɗaya fiye da hekta 500 don noma ba, ko fiye da hekta 5,000 don kiwo, sai da yardar gwamna. Sashe na 21 ya ce mai irin wannan haƙƙi ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar ƙaramar hukuma. Sashe na 22 ya ce mai satifiket na gwamna shi ma sai da yardar gwamna. Har a rabon gado, sashe na 24 ya ce fili mai satifiket na gwamna ba a tsaga shi gida biyu ko fiye sai gwamna ya yarda.

Yanzu ga wanda ya fi shafar manomi, wato sashe na 36. Ya yi magana a kan gonakin karkara da suke hannun mutane tun kafin 1978. Ya ce mai gona ya ci gaba da nomansa kamar an ba shi takarda. In yana so, ya kai zanen gonar ga ƙaramar hukuma ta yi masa rajista. Amma a ƙaramin sashe na 5 ya ce irin wannan ƙasa ba za a tsattsaga ta ba, ba za a yanka ta fuloti-fuloti ba, ba kuma za a miƙa ta ga wani ba. Wanda ya saɓa, takardar cinikinsa banza ce, kuma akwai tarar Naira 5,000 ko ɗaurin shekara ɗaya. A 1978 wannan kuɗi ne mai yawa. Yau ko buhun masara ba zai saya ba.

Mai karatu zai ce, ai kullum ana yanka gonaki ana sayarwa, ba a kama kowa ba. Haka ne. Lauyoyi ma sun daɗe suna muhawara a kan yadda za a haɗa wannan hani da sashe na 21, wanda ya yarda a sayar in ƙaramar hukuma ta amince. Dokar da ta hana abin da kowa yake yi, ba ta kuma nuna ƙofar da za a bi ba, ita ce take tura mutane ga awon igiya.

A lura da abu biyu. Na farko, dokar ba ta ba hakimi ko dagaci ko mai unguwa ikon ba da izinin yanka fili ba. Takardar da dagaci ya buga wa hatimi shaida ce cewa an yi ciniki a gabansa. Tana da amfani in an je gaban alƙali, amma ba ita ce iznin hukuma ba.

Na biyu, ko da yake an ce karkara ta ƙaramar hukuma ce, igiyar tana hannun gwamna. Sashe na 3 ya ba shi ikon ya sanar cewa wuri kaza ya zama birni. Da zarar ya yi haka, ikon ƙaramar hukuma a kan filayen wurin ya ƙare, ko da ana noman dawa a cikinsu. Sashe na 5 ya ba shi ikon ba da satifiket a ko'ina, birni ko ƙauye. Kwamitin filaye na ƙaramar hukuma ma, gwamna ne yake tsayar da mutanensa bayan ya tuntuɓi ƙaramar hukumar. Saboda haka ƙauyen da yake bakin birni zai iya kwana a hannun ƙaramar hukuma ya wayi gari a hannun jiha, mutanensa ba su sani ba.

Akwai kuma abin da yake sa manomi gaggawa. In gwamnati ta karɓi gona don amfanin jama'a, diyyar da sashe na 29 ya tanada ta amfanin gona ce da itatuwa da gini. Ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta. Manomi ya san haka. In ya ji ƙishin-ƙishin cewa awon gwamnati yana tafe, sai ya kira dillali su yanka kafin a iso. Ba za a ce ba shi da hankali ba.

MASU TSARA GARI

Mallakar fili daban, tsara shi daban. Aikin masu tsara gari shi ne su duba taswira, su ce nan hanya, nan kwata, nan kasuwa, nan kuma ba a gini don hanyar ruwa ce. A 1992 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yi doka mai lamba 88 a kan wannan aiki. Ta ce a kafa hukuma a tarayya, a kafa a kowace jiha, a kuma kafa a kowace ƙaramar hukuma. Gwamnatin Jihar Legas ta kai ƙara, a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa tsara gari a cikin jiha aikin gwamnatin jihar ne, ba na tarayya ba. Shi ya sa kowace jiha take da tata hukuma, kamar KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna. Ofishin tsara gari na ƙaramar hukuma kuwa, a wurare da yawa bai taɓa tsayawa da ƙafarsa ba.

TO, WA YA CANCANTA?

Mai gona da dillali mun riga mun ga dalilin da ya sa ba za a bar musu ba. Mai neman riba ba ya zama alƙalin kansa.

Dagaci da mai unguwa fa? Babu wanda ya kai su sanin ƙasa. Sun san iyakar kowace gona, sun san wadda take jingina, sun san wadda marayu suke da rabo a ciki. Sun san inda ruwa yake kwanciya a watan Agusta, abin da ma'aikacin da ya zo da rani ba zai gani ba. Duk tsarin da ya tsallake su zai yi tuntuɓe. Amma ba su da safiyo, ba su da ma'ajiyar takardu. In dagaci ya rasu, sani da yawa yakan tafi tare da shi. Kuma a wurare da yawa al'ada ce a ba su wani abu in an yi ciniki. Wanda yake da rabo a ciniki, nauyi ne a ɗora masa cewa ya hana cinikin. Wannan ba zargin kowa ba ne, halin ɗan Adam ne.

Gwamnatin jiha tana da masana, tana da kayan awo, tana da taswira. Ita ce take iya hango babban titin da zai ratsa ƙananan hukumomi uku nan gaba. Matsalarta nisa. Jihar Kano kaɗai tana da ƙananan hukumomi 44. Manomin da zai yanka eka biyu ba zai yi ta zirga-zirga zuwa babban birni ba, yana kashe kuɗin mota, ana ce masa ya dawo gobe. In ƙofar izini ta yi nisa, mutane ba sa daina yanka fili. Izinin suke daina nema.

Saura ƙaramar hukuma. A ganinmu, nan ya kamata sa hannun ƙarshe ya kasance ga gonakin karkara da na ƙananan garuruwa. Dalili na farko, kusa take. Na biyu, tsarin mulki ya ɗora mata gyaran tituna da magudanan ruwa, da kula da kasuwanni da maƙabartu, da raɗa wa tituna suna da ba gidaje lamba. In an yi mugun awo, ita za a zo wa da kuka. Wanda zai yashe kwata ya kamata a tambaye shi kafin a toshe hanyar ruwa. Na uku, kansila ɗan gari ne. Ana ganinsa a kasuwa da wurin jana'iza, ana iya tare shi a tambaye shi.

Kada mu ruɗi kanmu, ƙaramar hukuma ma tana da nata ciwon. Da yawa ba su da ma'aikacin awo ko ɗaya. Fuloti kuma abu ne mai daɗin rabawa ga magoya baya, har filin makaranta da na idi ba su tsira ba in aka sami shugaba marar tsoron Allah. Shekaru da yawa jihohi suna naɗa kantomomi maimakon a yi zaɓe. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne kaɗai za su riƙe su. Amma wannan hukunci a kan kuɗi da shugabanci yake, bai taɓa dokar ƙasa ba.

Saboda haka ikon yana bukatar takunkumi. Jiha ta rubuta ƙa'ida guda wadda kowa zai sani: faɗin hanya kaza, kason makaranta da maƙabarta kaza, ba a gini a fadama ko a burtali ko a ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Ta ajiye ma'aikacin awo a kowace sakatariya. Kada a karɓi takardar neman izini sai dagaci da mai unguwa da maƙwabtan gonar sun shaida cewa ta mai nema ce, babu rigimar gado a kanta. A liƙa taswirar a ƙofar gidan dagaci na wasu makonni, duk mai magana ya zo ya faɗa. Bayan nan kwamiti ya zauna, ba shugaba shi kaɗai a ofis ba. Wanda aka hana, ko wanda yake ganin an cuce shi, ya sami damar kai kuka ga jiha. Babban awo kuwa, irin mai ɗaruruwan fulotai ko wanda ya haɗa ƙananan hukumomi biyu, a bar wa jiha. Ita ma kada ta mayar da ƙauye birni sai ta tara mutanensa ta gaya musu.

Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun gwada wani abu mai kama da haka a kan ƙasar noma da kiwo. A ƙarƙashin tsarin karkara da suka fara da dokar 1993, an kafa kwamitocin ƙasa hawa-hawa har zuwa ƙauye. Mai gari ne yake shugabantar na ƙauye, tare da wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa. Su suke rubuta takardar shaidar saye ko aro ko kyauta, su kuma sa ido a kan burtali da mashaya. Abin koyi a nan shi ne, mai gari yana ciki amma ba shi kaɗai ba, kuma Bafulatanin da shanunsa suke bin burtalin yana da kujera.

KAFIN KA YANKA KO KA SAYA

Wannan gyara bai zo ba tukuna, saboda haka sai a yi aiki da abin da yake ƙasa. In kai ne mai gona, fara zuwa sashen filaye a sakatariyar ƙaramar hukumarku. Ka tambaya ko garinku yana cikin wuraren da gwamna ya ce birni ne. In yana ciki, maganarka tana ma'aikatar ƙasa ta jiha da hukumar tsara gari. In ba ya ciki, tana ƙaramar hukuma. In gonar gado ce, a gama rabo tukuna, kowane magaji ya san nasa, mata da marayu ma haka. Ku haɗa kai da masu gonakin da ke maƙwabtaka da ku, don hanyarku ta haɗu da tasu.

In kai ne mai saye, kada ka tsaya ga takardar dillali. Ka ce a nuna maka taswirar awon da hatimin hukumar da ta amince. Ka taka da ƙafarka ka ga turakun iyaka, ka auna faɗin hanyar. Ka tambayi tsofaffin wurin inda ruwa yake bi da damina. Ka je wurin mai unguwa ka ji ko an taɓa sayar wa wani da wannan fulotin, domin fuloti ɗaya yakan sami masu shi uku. Duk kuɗin da ka biya a ofis, ka karɓi rasit. Takardar da ba ka gane ba, kada ka dangwala mata hannu sai ka karanta da kanka, ko wanda ka amince da shi ya karanta maka.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. Gona mai hekta 2 za ta ba da fuloti nawa in ba a bar hanya ba? Nawa za ta bayar in an ware kashi ɗaya cikin huɗu?

2. Mene ne bambancin takardar dagaci da iznin hukuma?

3. Garinku a hannun wa filayensa suke, gwamna ko ƙaramar hukuma? In ba ku sani ba, ku wakilta mutum biyu su je sakatariya su tambayo, su kawo wa aji amsa.

4. Ku zana taswirar ƙauyenku a allo. Ku nuna burtali, da hanyar ruwa, da maƙabarta, da filin da kuke ganin ya kamata a ajiye wa makaranta.